Yadda ake gane ko lambobin taswira a wasan ARG suna ɓoye kalma

A watan Agustan 2004, wani shafin intanet mai kama da na masu kiwon zuma, ilovebees.com, ya fito da jerin lambobin taswira har 210, kowanne da lokaci a gefensa, babu ko kalma ɗaya ta bayani. Kamfanin 42 Entertainment ne ya ƙirƙiri shafin don tallar wasan bidiyo na Halo 2, kuma dubban mutane suka duƙufa a kan lambobin. Wasu suka ce haruffa ne aka sauya musu kama. Wasu suka bi sunayen tituna da na shagunan da ke kusa da kowane wuri, ko za su haɗa jimla. Wasu kuma suka ce a dai je wurin a gani. Ranar 24 ga wata gardama ta ƙare: wayoyin tarho na bakin titi, irin waɗanda ake jefa wa tsabar kuɗi, suka fara ƙara a daidai wuraren nan, a daidai lokacin da aka rubuta.

Irin wannan wasa shi ake kira ARG. Labari ne ƙagagge da ake warwatsa shi a shafukan intanet, da saƙon waya, da takardu a jikin bango, sai 'yan wasa su taru su harhaɗa shi kamar da gaske yake faruwa. Duk lokacin da aka jefo lambobin taswira a cikinsa, tambaya ɗaya ce ke tasowa: wuri ake nuna mana, ko kalma aka ɓoye? Ina son wannan tambaya ƙwarai, kuma ina ganin tana da hanyar amsawa wadda ba ta buƙatar a kwana uku ana canki-canki. Ga yadda nake bin ta.

Mataki na 1: Kwafe lambobin yadda suka zo

Kada ka gyara komai. Sifilin da ke gaba, alamar ragewa, waƙafi, tazarar da ke tsakanin lambobi, jerin da suka zo a kai, duk ka bar su yadda suke. Ɗauki hoton shafin, ka rubuta rana da lokaci, domin masu jan zaren wasa kan sauya shafi cikin dare. Sannan ka zuba lambobin a jadawalin Excel ko Google Sheets, amma ka sa gidajen su zama na rubutu tukuna. In ba haka ba manhajar za ta mayar maka da 07 zuwa 7, ta share sifilin ƙarshe a 12.50, alhali wataƙila a nan asirin yake.

Mataki na 2: Gane sigar da aka rubuta su

Kowane wuri a doron ƙasa lamba biyu gare shi. Latitud tana faɗin nisansa arewa ko kudu, daga 0 zuwa 90. Lonjitud tana faɗin nisansa gabas ko yamma, daga 0 zuwa 180. Ana rubuta su ta hanya uku: digiri da ɗigo kawai, kamar 12.5, digiri da minti, kamar 12° 30.0', ko digiri da minti da sakan, kamar 12° 30' 00". Minti 60 ne a digiri ɗaya, sakan 60 a minti ɗaya. Saboda haka 12.30 da 12° 30' ba wuri ɗaya ba ne, tsakaninsu ya kai kilomita 22. Mutane da yawa a nan suke ɓata tun kafin a fara.

Yanzu duba ko akwai lambar da ta karya doka. Latitud 97, ko minti 73, ko sakan 84, ba su yiwuwa a taswira. Ruwa ba ya tsami banza. In ka ga irin wannan sau ɗaya, yana iya zama kuskuren hannu. In ka gan shi sau uku ko huɗu a jeri ɗaya, to rigar taswira kawai aka sa wa lambobin, kana iya tsallakawa kai tsaye zuwa mataki na 5.

Mataki na 3: Ɗora su a taswira kafin ka taɓa harafi ko ɗaya

Wannan shi ne matakin da masu ɗoki ke tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne amfani. Saka kowace lamba a Google Maps ko OpenStreetMap, ka kunna hoton tauraron ɗan'adam, ka matso har ka ga rufin gini.

Kurakurai biyu ne ke yawan faruwa. Na farko shi ne juya lambobin. Kano tana wajen 12 arewa, 8.5 gabas, in ka juya su, sai ka tsinci kanka a wajejen Ganye ta jihar Adamawa. Na biyu shi ne manta alamar ragewa. Duk wani wuri a babban yankin ƙasar Amurka lonjitud ɗinsa ta yamma ce, da alamar ragewa ake rubuta ta. Cire ta daga lambobin birnin Seattle, ɗigon zai faɗa arewa maso gabashin ƙasar Sin. Kafin ka ce wurin ba shi da ma'ana, gwada waɗannan biyun.

Daga nan sai ka tambayi kanka: me ya haɗa wuraren nan? Duka a bakin titi suke? Duka kusa da tashar jirgi, ko ɗakin karatu, ko harabar jami'a? In ɗigo ashirin duka sun sauka a inda mutum zai iya tsayawa da ƙafarsa ba tare da ya haura katangar kowa ba, to da gangan aka zaɓe su. Lambobin da aka ƙera don su ba da haruffa ba sa sauka haka. Suna faɗawa teku, da tsakiyar gona, da dajin da ba hanya. Ka tuna fiye da kashi biyu cikin uku na doron duniya ruwa ne.

Ƙirga kuma yawan lambobin da ke bayan ɗigo. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne. Lamba biyu bayan ɗigo na nuna unguwa, wajen kilomita ɗaya. Uku, mita 111. Huɗu, mita 11. Biyar, kusan mita ɗaya, wato faɗin ƙofa. Shida, santimita 11. Wanda ke son ya kai ka gindin falwaya ba ya buƙatar abin da ya wuce biyar ko shida. In ka ga takwas ko tara, ko dai na'ura ce ta zubo su haka, ko kuma an yi amfani da wutsiyar an ɗora wani abu.

Mataki na 4: Gano lambobin da mai shirya wasa ke da ikon zaɓa

A nan duk maganar take, don haka zan ɗan tsaya.

Ka sa kanka a matsayin wanda ya shirya wasan. Kana son 'yan wasa su je wata wayar tarho a birnin Chicago. Wayar tana inda take, ba kai ka kafa ta ba. Digirinta, mintinta, sakan ɗinta, duk ƙasa ce ta yanke maka su. Ba ka da damar cewa minti ya zama 11 don ya ba da harafin K, na 11 a jerin haruffa. Abin da ya rage a hannunka uku ne kacal: lambobin can ƙarshen wutsiya waɗanda ba sa motsa ɗigon da abin da ya wuce taku, jerin da ka tsara wuraren a kai, da kuma waɗanne wurare ka zaɓa cikin masu yawa. Idan akwai kalma a ɓoye, a cikin ukun nan take. Ba ta cikin digiri.

Ga tarkon da ya fi kama mutane. A tsarin ASCII, wanda kwamfuta ke ba kowane harafi lamba da shi, manyan haruffa suna daga 65 zuwa 90, ƙanana daga 97 zuwa 122. Ƙasar Amurka kuwa, ban da Alaska da Hawaii, ta shimfiɗu ne daga wajen digiri 67 zuwa 125 na yamma. Ka ga yadda suka hau juna? Boston 71 ce, wato G. New York 74, wato J. Chicago 87, W. Denver 104, h. Los Angeles 118, v. Seattle 122, z. Kusan duk garin da ka ɗauka a Amurka zai ba ka harafi, ba don wani ya shirya ba, sai don a nan Allah ya ajiye ƙasar. Duk wanda ya fara ganin wannan gabansa na faɗuwa, ya ɗauka ya buɗe asiri. Ni ma ranar da na fara lura da shi na daɗe ina kallon allo, ina jera haruffan a bayan ambulan, kafin na gane cewa duk jerin garuruwan Amurka da na ɗauko haka zai yi.

In kuwa ɗigon sun watsu a teku da hamada, to mai shirya wasa bai ɗaure kansa da wani wuri ba. Kowace lamba zaɓinsa ce, kuma zargin kalma ya yi ƙarfi.

Mataki na 5: Gwada jadawalan haruffa, ɗaya bayan ɗaya

Kafin ka gwada, rubuta dokar da za ka bi a takarda. Misali: "Zan ɗauki sakan na latitud a kowane layi, daga sama zuwa ƙasa." Doka ɗaya ga dukkan layuka. Da zarar ka fara cewa a layi na uku minti zan ɗauka, a na biyar kuma in haɗa biyu, kai ne ke rubuta kalmar da hannunka.

Fara da mafi sauƙi, inda A take 1, B take 2, har Z 26. Ga misalin da na ƙera: a ce sakan na layuka huɗu su ne 11, 01, 14, 15. Sai ka karanta K, A, N, O. Lura da cewa jerin haruffan Ingilishi ake bi, domin yawancin waɗannan wasanni a harshen ake shirya su. Jerin bokon Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ zai ba ka lissafi dabam. Wasu masu shirya wasa kuma daga sifili suke farawa, A ta zama 0, don haka gwada duka biyun.

Sai ASCII, da lambobi bibbiyu ko uku-uku. Alamar da ke nuna ka kama hanya ita ce 32, lambar tazara tsakanin kalmomi. In tana fitowa bayan kowane harafi huɗu ko biyar, ci gaba.

Sai madannin tsohuwar waya, irin Nokia da muka yi ta danna 7 sau huɗu don mu sami S. Lamba 2 ita ce ABC, 3 DEF, haka har 9 WXYZ. KANO a nan 5266 ce. Matsalar ita ce 5266 ɗin nan tana iya ba da haɗin haruffa 81, don haka kusan kullum za ka iya matso wata kalma daga ciki in ka nace. Amma tana da amfani ɗaya: 0 da 1 ba su da harafi. In wutsiyar lambobin ba ta da 0 ko 1 ko kaɗan a layuka da yawa, wannan abin lura ne.

Haka nan in ka ga lambobin ba sa wuce 1 zuwa 5, gwada murabba'in Polybius: gida 25, layi biyar a kwance, biyar a tsaye, lamba ta farko layi, ta biyu gida, I da J a gida ɗaya.

In haruffan da suka fito ba su karantu ba amma suna da kamar tsari, matsar da su gaba ko baya da adadi ɗaya, abin da ake kira zaurancen Kaisar. Matsi 25 ne kawai ke akwai, minti biyar ya isa ka gama su. Saƙon farko na Cicada 3301, wani shahararren wasan kacici-kacici na intanet, a watan Janairun 2012 da matsi huɗu aka buɗe shi.

Wanda ya taɓa zama kusa da malamin hisabi ba zai ga baƙon abu a nan ba: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4. Zai kuma san cewa lissafin Gabas da na Magrib sun saɓa, sin 60 ce a ɗaya, 300 a ɗayan. Jadawali biyu, amsa biyu. Shi ya sa mai shirya wasa nagari kan bar alamar jadawalin da yake nufi a wani wuri cikin labarin: hoton tsohuwar waya, sunan Kaisar, zanen gidaje 25. Koma ka karanta shafin da lambobin suka fito, ka nemi wannan alama.

Mataki na 6: Auna abin da ka samu da sa'a

Minti ko sakan na iya zama daga 0 zuwa 59. Guda 26 cikin 60 ɗin nan haruffa ne, wato kusan kashi 43 cikin ɗari. Don haka layi ɗaya ko biyu su ba da harafi ba komai ba ne. Layi biyar a jere su ba da harafi bisa sa'a kawai, yana faruwa kusan sau ɗaya cikin 65. Layi goma, kusan sau ɗaya cikin 4,300. Idan kana da layi goma kuma babu sakan ko ɗaya da ya wuce 26, hannun mutum ya taɓa su.

Duba wasula kuma. A rubutun Ingilishi harafin E ya fi kowanne yawa, wajen kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari, T na bi masa. In sakamakonka cike yake da Q da X da Z, ba ka kai ba.

Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne wannan. Ɗauko lambobin taswira na wasu wurare goma da ba su da alaƙa da wasan, ko na gidajen mai a garinku, ka bi da su ta dokarka. In su ma sun ba ka gutsattsarin kalmomi irin waɗanda suka faranta maka rai, to dokar ce ke ƙera su. Kalma mai harafi uku ba hujja ba ce. Yamutsa haruffa don a sami kalma ma haka: da harafi goma sha biyar a hannu, wanda ya iya harshe zai fitar da jimla goma. Amsar gaskiya takan karantu daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ka yafe wa harafi ko ɗaya ba, kuma takan gaya maka abin da za ka yi gaba: adireshin shafi, kalmar sirri, sunan wani a cikin labarin.

Mataki na 7: Sunayen wurare da siffar ɗigon

In lambobin sun ƙi magana, wataƙila wuraren ne haruffan. Jera sunayen garuruwan yadda suka zo, ka karanta harafin farko na kowanne. Yi haka da sunan titi, da jiha, da lambar filin jirgin sama mai harafi uku. Sannan ka ja taswirar baya ka haɗa ɗigon da layi bisa jerinsu, ko za su zana harafi ko kibiya. Ido na son ganin siffa ko babu ita, don haka nuna wa wanda bai san abin da kake zato ba, ka ji me zai ce.

Akwai tsare-tsare da ke mayar da wuri rubutu kai tsaye. Geohash, wanda Gustavo Niemeyer ya fitar a 2008, yana amfani da lambobi da haruffa 32, babu a, i, l da o a ciki, don haka kalmomin da zai iya rubutawa kaɗan ne. Plus Codes na Google da gangan aka cire masa wasula don kada su haɗa kalma. Kada ka ɓata lokaci a kansu. Shi kuwa what3words, da aka kafa a Landan a 2013, ya raba duniya gida-gida na mita uku, kowane gida da kalmomi uku. Yana da kyau a gwada shi, amma a wasan da aka shirya bayan 2013 kawai, kuma taku biyu zuwa gefe na sauya kalmomin gaba ɗaya.

Mataki na 8: Juya tambayar

Sau da yawa kalmomi ne ke ɓoye lambobin taswira. Sassaƙen Kryptos na Jim Sanborn, wanda aka kafa a hedikwatar CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, da ke Langley a 1990, ba ARG ba ne, amma darasinsa ya shafe mu. Da aka warware kashi na biyu na rubutun sirrinsa, sai ga lambobin wuri an rubuta su da kalmomi: digiri 38, minti 57, sakan 6.5 arewa, digiri 77, minti 8, sakan 44 yamma, wani wuri dab da sassaƙen.

A Cicada 3301 kuwa, faɗi da tsawon hoton farko, 509 da 503, da aka ninka su da 3301, sun ba da 845145127, kuma wannan ya zama adireshin shafi. Shafin ya fitar da lambobin taswira na wurare a Warsaw, Paris, Seoul, Sydney, Seattle, Miami da sauransu. Da mutane suka je, sai suka tarar da takardu manne a jikin falwaya, da hoton ƙwaron cicada, tambarin wasan, da lambar QR. Kacici-kacicin kalmomin yana nan, amma sai wanda ya isa wurin ya ɗauki hoton ne ya buɗe wa saura ƙofa. Ka ga wasan da ya fi kowanne son zaurance, da ya zo kan lambobin taswira, wuri yake nufi.

Mataki na 9: Tura mutum

In ɗigon sun sauka a wuraren jama'a, kuma akwai lokaci a gefensu, dakatar da lissafi ka nemi wanda ke kusa. Gani ya kori ji. Tantance agogon da ake nufi tukuna, domin tsakanin gabashi da yammacin Amurka akwai awa uku, kuma wasu wasannin da agogon GMT suke aiki. Mai zuwa ya isa da minti goma sha biyar a hannu, wayarsa cike da caji, ya ɗauki hoton kowace kusurwa: jikin falwaya, ƙarƙashin benci, allon sanarwa, lambar da ke jikin gini. GPS na waya kan kauce da 'yan mitoci, musamman tsakanin dogayen gine-gine, don haka ya zagaya kewayen taku ashirin.

Kada ya tafi shi kaɗai da dare, kada ya shiga gidan mutane ko wurin jami'an tsaro, kada ya tona ƙasa. Wasan da aka shirya da hankali ba ya neman haka. Ya kuma tabbata lambobin daga masu shirya wasan suka fito, domin 'yan bogi na shiga tsakani. Shi ya sa Cicada ta riƙa sa hannun PGP, wato sa hannun kwamfuta da ke tabbatar da mai saƙo, a saƙonninta. A lokacin I Love Bees, wani ɗan wasa a Florida ya tsaya gaban wayar tarho yana jiran kira alhali guguwar Frances na dab da isowa. Wayar ta yi ƙara, ya ɗauka, sai mai magana ya ajiye muryar labarin gefe, ya ce masa ya ajiye wayar ya nemi mafaka.